Sauya makunnin lantarki a tsofaffin ƙananan jiragen sama

Sauya makunnin lantarki a tsofaffin ƙananan jiragen sama aiki ne da ya ƙunshi gano makunnin da zai maye gurbin wanda ya lalace a allon da ke gaban matuƙi, da samo shi, da ɗaura shi bisa ƙa'idar hukumar jiragen sama. Makunni, wanda kanikawa ke kira suwic, shi ne abin da matuƙi ke ɗagawa, ko dannawa, ko jawowa domin ya ba fitila, famfon mai, rediyo ko wata na'ura wuta, ko ya yanke mata. Batun ya fi shafar jirage masu kujeru biyu zuwa shida da aka ƙera a Amurka daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu zuwa tsakiyar shekarun 1980, kamar Cessna 150 da 172, Piper Cherokee da Beechcraft Bonanza, waɗanda dubbai daga cikinsu ke tashi har yanzu.

Makunnai da yawa suna kama da juna a ido, kuma shigar makunni ramin allo daidai bai isa ya nuna cewa shi ne wanda ake nema ba. Sai ya iya ɗaukar irin wutar da za ta bi ta cikinsa, ya yi aiki yadda na asali yake yi, ya zauna ba tare da ya taɓa wani abu a bayan allo ba, sannan ya zama kayan da doka ta yarda a sa wa wannan jirgin. Wanda ya gaza ɗaya daga cikin waɗannan yana iya yin zafi ya cika ɗakin matuƙi da hayaƙi, ko ya ƙi kashewa, ko ya ɗauke fitilar sauka cikin dare.

## Asalin matsalar

Ƙananan jirage na farko da yawa ba su da lantarki sam. Piper J-3 Cub, wanda aka ƙera daga 1938 zuwa 1947, yawanci yana fitowa daga masana'anta ba batir ba sitata. Da hannu ake murza farfelarsa a tayar da injin, kuma makunninsa ɗaya ne, na maganeto. Bayan yaƙi ne batir, janareta, fitilu da rediyo suka zama ruwan dare a ƙananan jirage, allon matuƙi kuma ya cika da makunnai.

Tsarin wutar bai tsaya a wuri ɗaya ba. Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a 1956 kuma aka ƙera fiye da 44,000, misali ne mai kyau. Samfuransa na farko suna da janareta, da fis, da makunnai na jawowa da turawa. A samfurin 1967 altaneta ta maye gurbin janareta. Daga baya makunnai masu faɗi na dannawa suka shigo, kuma bureka ta maye gurbin fis. A samfurin 1978 aka sauya tsarin daga bolt 14 zuwa bolt 28. Saboda haka jirage biyu masu suna ɗaya suna iya buƙatar makunnai daban don fitila iri ɗaya.

Kamfanonin jirage ba su cika ƙera makunnai da kansu ba. Sukan sayo daga masana'antun lantarki irin su Cutler-Hammer, Carling da Potter & Brumfield, su ba su tasu lambar. Da shekaru suka ja, wasu masana'antun sun sauya hannu, wasu sun daina yin tsohon samfuri. Cessna ma ta dakatar da ƙera ƙananan jirage masu injin fistan a 1986, ba ta dawo ba sai 1996, bayan dokar da Amurka ta yi a 1994 wadda ta taƙaita ƙarar da ake kai masu ƙera ƙananan jirage zuwa shekara 18 daga fitowar jirgi. A yau Textron Aviation ce ke riƙe da Cessna da Beechcraft. Wasu tsofaffin samfura kuma, kamar Ercoupe da Stinson 108, takardar amincewa da ƙirarsu ta koma hannun kamfanin Univair.

## Ire-iren makunnai

Ta fuskar siffa, ana samun iri huɗu a tsofaffin alluna: mai ɗan hannu da ake ɗagawa sama ko ƙasa, mai faɗi da ake danna gefe ɗaya, na jawowa da turawa, da na murzawa, wanda wani lokaci yake da ɗan mabuɗi.

Abin da ya fi siffa muhimmanci shi ne tsarin ciki. Ana duba layin wuta nawa makunni ke sarrafawa a lokaci ɗaya, da kuma hanya nawa kowane layi ke iya bi. Ana rubuta wannan a taƙaice a kundin kaya: SPST layi ɗaya ne mai hanya ɗaya, wato kunnawa da kashewa kawai, SPDT layi ɗaya ne mai hanya biyu, DPST da DPDT kuma layi biyu ne. Akwai makunnin da ke tsayawa inda aka bar shi, akwai kuma wanda sifirin ke mayar da shi da zarar an sake shi. Makunnin filaf na wasu samfuran Cessna 172, da suka fara amfani da filaf na lantarki a 1965, yana cikin masu komawa da kansu. Idan aka sa mai tsayawa a gurbin mai komawa, aikin jirgin ya sauya ko da wayoyin sun shiga daidai.

Akwai kuma makunnin da yake haɗe da bureka a jiki ɗaya, wanda Beechcraft ta yi amfani da shi sosai. A waje yana kama da makunni mai ɗan hannu, sai dai akwai lambar amfiya a bakin hannun. Idan wuta ta yi yawa yakan kashe kansa. Aikin bureka shi ne kare wayar da ke bayanta daga ƙonewa, don haka ana zaɓen lambarta ne bisa kaurin waya. Sa makunni na zalla a wannan gurbin yana barin wayar ba kariya. Sa bureka mai lambar da ta fi ta asali kuma yana barin waya ta yi zafi kafin burekar ta faɗi.

## Babban makunni da makunnin maganeto

Makunnai biyu sun bambanta da sauran, kuma su ne kuskure a kansu ya fi haɗari.

Babban makunni shi ne ke ba jirgin duka wuta. A yawancin ƙananan jirage wutar batir ba ta bi ta cikinsa kai tsaye. Yana kunna wani babban rile ne da ke kusa da batir, shi kuma rilen ya haɗa batir da sauran jirgin. A Cessna masu altaneta, babban makunnin ja ne mai ɓari biyu, ɗaya an rubuta BAT, ɗaya ALT. An ƙera su da wani haƙori a tsakani: ana iya kunna ɓarin batir shi kaɗai, amma ba a iya kunna na altaneta sai tare da na batir, kuma kashe na batir yana kashe duka biyun. Dalili shi ne altaneta tana buƙatar batir a layi domin wutarta ta daidaita. Makunnai biyu na kasuwa da aka jera kusa da juna ba su da wannan haƙorin. Ɓarin ALT yana ɗaukar wutar da ke zuwa naɗin cikin altaneta, kuma idan bakinsa ya yi datti, allurar mitar amfiya takan riƙa rawa, ko fitilun allo su riƙa kyaftawa.

Makunnin maganeto kuwa aikinsa a juye yake. Maganeto yana samar da tartsatsin fulogi da kansa, ba ya buƙatar batir. Ana kashe shi ne ta hanyar haɗa wata siririyar waya tasa da jikin jirgi. Ma'ana, lokacin da ɗan mabuɗi yake kan OFF, a lokacin ne bakunan makunnin suke haɗe. Idan makunnin ya lalace, ko wayar ta tsinke, maganeto yana nan a raye duk da mabuɗi ya nuna an kashe, kuma ɗan motsa farfela da hannu yana iya tayar da injin. Irin wannan ya sha raunata mutane da kashe su a filayen jirage. Waɗannan makunnan ma iri-iri ne: wani yana da OFF, R, L da BOTH kawai, wani yana da START na murzawa, wani na turawa. Wasu injuna suna buƙatar a kashe maganeton dama yayin tayarwa, kuma ana yin haka da wani ɗan ƙarfe da ake haɗa ƙafafu biyu da shi a bayan makunnin. Mantawa da shi yana iya sa injin ya buga baya ya lalata sitata.

## Ƙarfin ɗaukar wuta

Wutar gida mai kai-kawo ce, wadda ake rubutawa AC. Tana sauya alkibla, kuma tana sauka zuwa sifili sau 100 ko 120 a daƙiƙa. Wutar ƙaramin jirgi kuwa mai tafiya hanya ɗaya ce, wato DC. Duk lokacin da bakunan makunni suka rabu, tartsatsi yana tsallakawa tsakaninsu. A wuta mai kai-kawo tartsatsin yana mutuwa da kansa idan wutar ta sauka sifili. A wuta mai hanya ɗaya yana ci gaba har sai bakunan sun yi nisa, yana cin ƙarfen a hankali. Shi ya sa lambar amfiya da aka buga a jikin makunnin gida ba ta nuna abin da zai iya ɗauka a jirgi. Lambar DC ake nema a takardar masana'anta.

Irin abin da makunni ke kunnawa ma yana da tasiri. Zaren ƙwan fitila idan yana da sanyi yana barin wuta ta wuce da yawa, har ninki 15 na abin da yake ja bayan ya yi zafi. Moto yana jan wuta mai yawa kafin ya ɗauki gudu. Naɗin waya na rile da na solonoyid kuma yana mayar da bugun wuta lokacin da aka kashe shi.

Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ba da ma'auni a babi na 11 na littafinta na jagorar gyara mai lamba 43.13-1B, wanda ya fito a 1998. Ana ɗaukar amfiyar da na'ura ke ja a kullum, a ninka ta da wani adadi, a sami lambar makunnin da ake buƙata:

- A tsarin bolt 12: fitila sau 5, rile ko solonoyid sau 2, moto sau 2, hita sau 1.
- A tsarin bolt 28: fitila sau 8, rile ko solonoyid sau 4, moto sau 3, hita sau 2.

Misali, ƙwan fitilar sauka GE 4509, wanda ya yaɗu a jirage masu bolt 14, yana da wat 100 a bolt 13, wato yana jan kusan amfiya 7.7. Idan aka ninka sau 5 za a sami kusan amfiya 38. Makunnin da aka rubuta wa amfiya 10 zai yi kamar ya isa, alhali bisa wannan ma'aunin ya gaza ƙwarai. Fitila mai wat 100 a bolt 28 tana jan kusan amfiya 3.6, wanda sau 8 ya kai kusan 29. Wasu masana'antun sukan ba da lamba ta musamman don fitila, kuma idan akwai ta, ita ake dubawa. Littafin jagorar yana aiki ne inda kamfanin jirgin bai ba da nasa umarnin ba. Inda kamfanin ya ambaci lambar kaya, ita ce gaba.

## Tabbatar da cewa makunnin ne ya lalace

Kafin neman sabo, bakanike yakan tabbatar da inda laifin yake, domin ƙwai da ya ƙone, fis da ya tsinke, waya da ta saki ko tsatsa a inda aka haɗa waya da jikin jirgi duk suna kama da lalacewar makunni. Alamun da ke nuna makunnin kansa sun haɗa da zafi idan aka taɓa, warin ƙonannen roba, sauyin launi a bayansa, hannu da ya yi laushi ya daina ƙara idan an danna, da na'ura da ke ɗaukewa idan aka girgiza makunnin.

Gwajin da ya fi inganci shi ne auna boltin da ke ɓacewa tsakanin ƙafafun makunni yayin da na'urar ke aiki. Lafiyayyen makunni kusan ba ya cin komai. Wanda bakinsa ya ci wuta yana zama kamar ƙaramar hita: turjiya ta om 0.1 kawai, a wuta mai amfiya 8, tana ɓatar da bolt 0.8 kuma tana fitar da zafi na wat 6.4 a cikin ɗan akwatin roba. Zafin yana ƙara lalata bakin, lalacewar kuma tana ƙara zafin. Mitar da ke auna haɗuwa kawai ba tare da nauyin wuta ba tana iya nuna irin wannan makunnin lafiya lau.

## Gano lambar kaya

Neman yana farawa ne daga ɗan farantin ƙarfe da ke jikin jirgi, mai ɗauke da samfuri da lambar ƙira. Da wannan lambar ake shiga kundin kayan gyara mai zane na kamfanin. Kundin yana nuna hoton allo, kowane makunni da lambarsa, da kuma jerin lambobin ƙirar jiragen da wannan kayan ya shafa. Shekarar jirgi kaɗai ba ta wadatar, domin kamfani yakan sauya kaya a tsakiyar shekara.

Sau da yawa lambar da ke tsohon kundi an daina amfani da ita, an maye ta da wata, wani lokaci sau biyu ko uku. Dillalan kamfanin suna da jerin waɗannan sauye-sauyen. Wani sabon makunni yakan zo da sharaɗin sauya kan waya ko faɗaɗa rami, kuma ana bayyana haka a takardar sanarwar gyara ta kamfani.

Abin da aka tarar a allo ba lallai ne ya zama na asali ba. Jirgin da ya shekara 50 ya bi ta hannun masu shi da kanikawa da dama. Ana iya tarar da an ƙara rediyo, an sauya janareta zuwa altaneta, ko an sa makunnin mota a wani lokaci can baya. Saboda haka ana kwatanta abubuwa uku: kundin kaya, zanen wayoyi na littafin gyara, da littattafan tarihin jirgin, inda ake rubuta kowane aiki. Idan an yi sauyin ne ƙarƙashin ƙarin takardar amincewa da ƙira, wadda ake kira STC, to jerin kayan wannan takardar ne ke aiki a wannan layin, ba kundin asali ba.

Wasu makunnan suna ɗauke da lambar ma'aunin sojan Amurka, mai farawa da AN ko MS, kamar AN3021, MS35058, MS35059, MS24523 da MS24524. Waɗannan sun fi sauƙin samu, domin kamfanoni da yawa suna ƙera su bisa zane ɗaya. Lambar da ke biyo bayan ɗan layi ita ce ke nuna tsarin aikin, don haka ba a barin ta. Yawancin masu ɗan hannu suna da wuya mai faɗin kashi 15 cikin 32 na inci, kusan milimita 12. Masu faɗi na dannawa kuwa ramukansu sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Ana kuma auna zurfin jikin makunni, saboda sandar sitiyari da igiyoyinta suna motsi a bayan allo, sannan a duba ko ƙafafunsa na sukuru ne ko na cusawa.

## Abin da doka ta yarda da shi

A Amurka, jirgin da aka ƙera a masana'anta dole ya ci gaba da dacewa da ƙirar da aka amince da ita. Sashe na 21.9 na dokokin FAA ya lissafa hanyoyin da kayan gyara ke iya fitowa. Daga cikinsu akwai kayan kamfanin jirgin, da kayan wani kamfani mai izinin ƙera kayan maye, wanda ake buga wa FAA-PMA, da kaya na ma'auni irin na AN da MS, da kuma kayan da mai jirgi ya ƙera ko ya sa aka ƙera don jirginsa kaɗai. Kasancewar makunni na ma'auni ne bai isa ba. Mai ɗaurawa ne zai tabbatar ya dace da wannan gurbin.

Ganin yadda kayan tsofaffin jirage ke ƙarewa, FAA ta fitar da takardar jagora mai lamba 23-27 a 2009. Ta shafi jiragen da aka amince da ƙirarsu kafin 1 ga Janairu 1980, waɗanda nauyinsu bai wuce fam 12,500 ba, wato kusan kilogiram 5,670, kuma ɗakinsu ba mai matsin iska ba ne. Tana bayyana yadda za a maye kaya da wani idan na asali ya ɓace a kasuwa, da hujjar da za a rubuta. A 2023 kuma, da haɗin gwiwar ƙungiyar masu ƙananan jirage ta EAA, aka sanar da wani tsari mai suna VARMA, wanda ke ba da damar neman izinin sa wasu kayan kasuwa a tsofaffin jirage inda haɗarin gazawarsu kaɗan ne.

Idan sauyin ya taɓa tsarin wutar jirgi sosai, ana ɗaukarsa babban sauyi, kuma sai an cike takarda mai lamba 337 tare da bayanan da hukuma ta amince da su. Dokar ta ba matuƙi mai jirgi damar yin wasu ƙananan ayyuka da kansa, kamar sauya ƙwan fitilar sauka, sauya batir, da gyara wayar fitilar sauka da ta tsinke. Ba a ambaci sauya makunnin allo da suna a wannan jerin ba, don haka bakanike mai lasisi ne ke yin aikin, ko ya sa ido a kai ya sa hannu. Jiragen da mutane suka haɗa da kansu ƙarƙashin rajistar gwaji ba sa bin wannan tsarin na kaya.

## Inda ake samu

Hanya ta farko ita ce dillalan kamfanin jirgin. Sai manyan shagunan kayan jirage irin su Aircraft Spruce, da kamfanonin da suka ƙware a tsofaffin samfura. Ƙungiyoyin masu jirgi iri ɗaya su ma sukan adana tsofaffin kundaye da zane-zane.

Akwai wuraren da ke kwance jiragen da suka daina tashi suna sayar da kayansu. Makunnin da aka ciro daga can lambarsa daidai ce, amma shekarunsa ɗaya da wanda ya mutu. Akwai kuma sabon kaya da ya daɗe a ajiye, wanda maiƙonsa ya bushe ko bakinsa ya yi baƙi. Wasu makunnan zamanin yaƙi suna da ɗigon fenti mai haske a bakin hannu wanda ke ɗauke da sinadarin radiyam, kuma ba a kankare shi ko a fasa shi.

Takardar da ke biye da kaya tana da muhimmanci. A Amurka fam 8130-3 ne aka fi sani, a Turai kuma EASA Form 1. FAA tana da shiri na musamman na karɓar rahoto kan kayan da ake zargin na jabu ne ko marasa izini. Farashin makunni mai lambar kamfanin jirgi yakan ninka na kasuwa mai kama da shi sau da yawa, kuma wannan ne ke jan wasu masu jirage zuwa shagon kayan mota. Kamanni a waje ba ya nuna ƙarfen bakin ciki, ko ƙarfin sifirin, ko irin gwajin da aka yi masa.

## Umarnin hukuma kan makunnai

Idan aka gano aibu a wani kaya, FAA tana fitar da umarnin dole da ake taƙaitawa AD. Bakanike yakan duba waɗannan kafin ya sayi makunni, domin tsohon kaya da aka hana yana iya kasancewa a kasuwa.

- AD 76-07-12 ya shafi wasu makunnan maganeto na Bendix. Ya bukaci a riƙa gwada su duk bayan awa 100 na tashi, a tabbatar injin yana mutuwa idan aka kai mabuɗi ƙarshen OFF.
- AD 93-05-06 ya shafi makunnan maganeto na ACS da Gerdes. Ya bukaci dubawa da sa maiƙo duk bayan awa 2,000, da ɗaura diyod a solonoyid ɗin sitata domin rage bugun wutar da ke cin bakin makunni.
- AD 2008-13-17 ya shafi makunnai masu bureka a samfura da yawa na Beechcraft Bonanza da Baron. Ya tilasta sauya su da ingantattu, bayan rahotannin zafi, da hayaƙi a ɗakin matuƙi, da makunnin da ya ƙi kashewa.

A 2009 FAA ta kuma fitar da sanarwar shawara, wadda ba ta dole ba ce, kan makunnan fitilar sauka, fitilar tafiya a ƙasa da fitila mai walƙiya a ƙananan jiragen Cessna, inda aka ba da shawarar sauya su bayan shekara huɗu suna aiki. Masu jirage da yawa sun koma fitilun LED, waɗanda ke jan wuta kaɗan, kuma hakan yana rage nauyin da ke kan makunnin.

## Ɗaurawa da gwaji

Ana cire wayar batir kafin a taɓa bayan allo, domin sandar rarraba wuta tana kusa kuma sukundireba na iya haɗa ta da jikin jirgi. Ana yi wa kowace waya alama, a ɗauki hoto, sannan a kwance. Kan waya da ya ƙone ana yanke shi a matse sabo, in ba haka ba zafin zai dawo ya cinye sabon makunnin.

Ƙa'ida ita ce makunnin kunnawa da kashewa ya kunna idan aka ɗaga shi sama ko aka tura shi gaba. Na filaf da na tayoyi kuma hannunsa ya bi alkiblar da abin zai motsa. A yawancin makunnai masu ɗan hannu, idan hannu yana sama, ƙafar ƙasa ce ke haɗuwa da ta tsakiya, don haka ana gwadawa da mita kafin a ɗaure. Akwai zobe mai ɗan haƙori da ke hana makunni juyawa a rami, kuma ana mayar da shi. Rubutun da ke nuna aikin makunni a allo dole ya kasance a bayyane.

Bayan ɗaurawa ana kunna na'urar a bar ta ta yi aiki, a taɓa makunnin a ji ko yana zafi, a motsa sitiyari zuwa ƙarshensa ta kowane gefe a tabbatar ba ya gugar waya. Idan na maganeto ne, ana tayar da injin a gwada R da L ɗaya bayan ɗaya, sannan a gwada OFF. Daga nan bakanike ya rubuta aikin a littafin jirgi bisa sashe na 43.9: abin da aka yi, kwanan wata, sa hannu da lambar lasisi. Yawanci ana haɗawa da lambar kayan da aka sa.

Idan ba a samu makunnin da wuri ba, sashe na 91.213 ya yarda a wasu halaye a kashe layin, a manna alamar cewa ba ya aiki, a ci gaba da tashi, muddin na'urar ba ta cikin waɗanda ake buƙata don wannan tafiyar. Jirgin da fitilun gefensa ba sa aiki, alal misali, ba zai tashi da dare ba.

## A wajen Amurka

Jiragen Cessna, Piper da Beechcraft sun bazu a duniya, kuma kowanne yana bin dokar ƙasar da ya yi rajista. Ƙarƙashin ƙa'idojin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ƙasar da aka tsara jirgi tana aika umarnin dole na lafiyarsa ga ƙasashen da suka yi masa rajista. Saboda haka umarnin FAA kan makunnai yakan bi waɗannan jiragen zuwa Turai, inda EASA ke kula, da Najeriya, inda NCAA ke kula, da sauran ƙasashe. Sassaucin da FAA ta yi wa tsofaffin jirage kuwa na masu rajistar Amurka ne, kuma kowace hukuma ita ke yanke irin kayan maye da takardun da za ta karɓa.